Hanjin Rago a Liman Abaji

Hanyar Abuja zuwa Keffi ba ta da wani tsawo, kilomita 50 ce da 'yan kai, amma a ranar aiki takan ci wa mutum rabin yininsa. Daga Nyanya zuwa Mararaba, daga Mararaba zuwa Masaka, sai dai a yi ta rarrafe ana shaƙar hayaƙi. Ranar Babbar Sallah da la'asar kuwa sai ka rantse wani titin aka sauya. Mutanen nan da suke kwana a Jihar Nasarawa su yini a ofisoshin Abuja, wasu sun tafi garuruwansu yin Sallah, sauran suna tsakar gida suna fama da nama. Abin da ya rage a bakin titi tarin fatun raguna ne da masu saye suka barbaɗe da gishiri, da hayaƙin babbakar kai da ƙafa, da yara cikin sababbin kaya ɗauke da kwanonin rabo. Hadari na biye da mu tun daga Masaka, bai sauka ba sai da muka shiga gari.

Yawancin matafiya ba su san Keffi ba sai a matsayin wurin shan mai kafin a miƙe Akwanga, daga can a yi Jos ko Lafiya. Alhali garin ya girmi titin nesa ba kusa ba. Abdu Zanga, Bafulatanin da ya fito daga ƙasar Katsina, shi ya kafa shi wajen 1802, kuma duk tsawon ƙarni na 19 Zazzau ake kai wa gaisuwa daga nan. A nan ne cikin Oktoban 1902 Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, Razdan na Turawa, ya hau doki ya nufi Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi hannu biyu. Wannan karɓa tana cikin hujjojin da Lugga ya kafa ya auka wa Kano a Fabrairun 1903. Magajin ya cika a Burmi tare da Sarkin Musulmi Attahiru, Baturen kuwa har yau akwai dutse a garin da ke amsa sunansa. Daga baya boko ya ƙara wa Keffi suna: a Kwalejin Gwamnati ta garin marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu daga 1965 zuwa 1969, yanzu kuma ga jami'ar jiha ta cika gari da ɗalibai da masu abinci.

Ni dai ba tarihi ya kawo ni ba. Liman Abaji na nufa, ɗaya daga mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar, cikin gari, inda sai ka bar mota a bakin hanya ka bi lungu da ƙafa. Mai masaukina abokin karatu ne, malamin makaranta a yanzu, amma gidansu gidan fawa ne tun kaka da kakanni. Mahaifinsu ya tsufa ya daina zuwa kwata, duk da haka in aka kayar da sa a unguwar akan turo yaro a ce Baba ya zo ya duba. Wanda ya ja ni zuwa gidan ƙanen abokin nawa ne, wanda samarin unguwa ke tsokana da ɗan Italiya. Ya bi ta Agadas da Libiya kamar dubban matasa irinsa, ya tsallaka teku cikin jirgin da ba ya son a tuna masa da shi, ya sauka tsibirin Sisili. Da yawa daga abokan tafiyarsa sun ƙare a gonakin tumatir da zaitun. Shi wuƙar gidansu ce ta yi masa rana. Wani ɗan Tunisiya mai shagon naman halal kusa da kasuwar Ballarò a birnin Palermo ya ga yadda yake fiɗa, ya ɗauke shi aiki, a can ya koyi cusa nama cikin hanji, abin nan da ake kira sosej. Yayansa ya daɗe yana ba ni labarin cewa tun da ya dawo, duk Sallah sai an yi rigima a gidan a kan hanjin rago. Na ce to bana da ni za a yi.

Na tarar ragon farko na rataye a ƙarƙashin rumfa yana tsanewa, sai washegari a yanyanka, kayan cikinsa kuwa sun riga sun shiga hannun Inna, mahaifiyarsu. Kowa ya san dokar: kayan ciki na mata ne, kuma su ake fara ci ranar Sallah. Tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno, ta yanka tumbi falle-falle, ta sa ɗan kitse a tsakiyar kowane falle, ta naɗe da hanji ta ƙulle, ba tare da ta ko kalli hannunta ba. Sai a dafa da citta da albasa, sannan a soya. Ɗan nata ya durƙusa gefenta.

"Inna, na gobe dai a taimaka a bar min hanjinsa."

"In bar maka ka kankare shi har ba abin da ya rage? Jikokina kuma me zan ba su?"

Maimakon ya ja da ita, sai ya shiga ba ta labarin cewa a Palermo ma haka ake yi. Da yamma ta yi, in ji shi, za ka hangi hayaƙi a kusurwar titi, masu gashi sun naɗe hanjin rago ko na ɗan maraƙi a jikin ganyen albasa sun jera a kan gawayi, a yayyanka maka a barbaɗa gishiri a matsa lemun tsami. Sitiggiyola suke ce masa. Akwai kuma masu soya saifa da huhu su zuba cikin burodi. Abin da mai kuɗi ya bari a kwata, talakan can da na nan dabara ɗaya suka yi masa ba tare da sun taɓa ganin juna ba. Inna ta ce ashe Turawan ma suna da hankali. A ƙarshe Baba ya raba gardama daga kan tabarmarsa: ƙaramin hanji na yaro, babban hanji da tumbi na uwarsa.

Washegari da hantsi aka yanka rago na biyu, Bayankasa mai ƙiba. Daga nan na gane dalilin da ya sa sana'ar ba ta da magoya baya a gidan, domin wankin hanji kaɗai ya isa ya kori mai ƙaramin haƙuri. Ƙaramin hanjin rago ya haura mita 20, kaurinsa bai fi na ɗan yatsa ba, kuma wuƙa ba ta kusantarsa a matakin farko. Da yatsu ya riƙa zare shi daga kitsen da ke riƙe da shi, a hankali, yana tara shi cikin bokitin ruwa. Ya yanke shi gaba bibbiyu, ya tatse kowane yanki tsakanin yatsu biyu, ya sa bakin buta ya ɗura ruwa har ya fito fes ta ɗaya bakin. Inda Inna za ta tsaya ke nan. Shi kuwa sai ya shimfiɗa shi a kan wani sulɓaɓɓen katako ya bi shi da bayan cokali, yana kankara daga wannan kai zuwa wancan. Duk yauƙi da naman jikin hanjin suka fita, aka bar wata siririyar fata fara wadda kana iya ganin zanen tafin hannunka ta cikinta. Ita ake nema. Ta fi ƙarfin yadda ido ke ganinta, ita ce kuma ke ƙara ƙas a baki idan an gasa. Ya jiƙa ta cikin ruwan gishiri da lemun tsami don ƙarni ya fita, sannan ya sake ɗura ruwa a kowane yanki yana neman huji. Duk inda ruwa ya tsarto sai ya yanke a nan.

Baba na zaune yana jan carbi kamar ba ya gani. Sau ɗaya kawai ya yi magana: "Sassauta hannu, za ka huda." Bai rufe baki ba kuwa ya huda.

Naman da ya zaɓa ya ba ni mamaki. Ni da na ɗauka cinya za a ciro, sai ya bar ta a rataye ya ɗebo karfata da wuya, waɗanda suke da ɗan kitse a tsakankanin tsoka. A ƙa'idar da ya koyo, kashi ɗaya cikin huɗu na haɗin kitse ne, in ya gaza haka abin zai fito a bushe. A nan ya ci karo da matsalarsa ta farko tun da ya dawo. Maigidansa na Palermo ya taso ne a ƙasar da tumaki ke da jela mai tarin kitse mai laushi. Ragunanmu, Bayankasa ne ko Uda ko Balami, siririyar jela gare su, kitsen cikinsu kuma da ya ɗan huce sai ya daskare a dasashi. Maganin da ya samo tozo ne. Ya sa an ware masa tozon san da 'yan unguwa suka yi watanda, ya haɗa da ɗan kitsen ragon.

Aka mirgino kututture, aka wanke, aka wasa wuƙaƙe. Na tambaye shi me ya hana a kai inji a niƙa a huta. Ya ce inji matse nama yake, yana ɗumama shi, yana shafe kitse a jikin tsoka, in an gasa sai man ya tsiyaye a bar ka da dusa. Wuƙa kuwa tana barin kowane gutsure da ruwansa. Wannan shi ne abin da mutanen Sisili ke tinƙaho da shi, su ce nasu na tsinin wuƙa ne. A garin Linguaglossa da ke gefen Etna, dutsen nan mai aman wuta, mahauta har yau a kan kututturen itace suke saran naman, kuma ƙungiyar Slow Food ta Italiya ta sa wannan sosej cikin jerin abincin gargajiya da take karewa kada ya ɓace. Su da naman alade suke yi, a wasu garuruwan kamar Palazzolo Acreide har da giyar inabi a ciki. Maigidansa ya ɗauki aikin wuƙar da kayan ƙamshin, ya bar musu aladensu da giyarsu.

Yana cikin yanka yana bayani, sai Baba ya ajiye carbi ya ce a miƙo masa wuƙa. Abin da na gani a nan shi ya fi tsaya min a rai cikin tafiyar gaba ɗaya. Tsohon da hannunsa ke rawa in ya ɗauki kofin shayi, da ya riƙe wuƙa sai rawar ta tsaya. Ya bi jijiya da tsini ya zare ta ɗungurungum, ya tsaga tsoka siri-siri, ya juya ta ya daddatse girman ƙwayar wake, duk kansu ɗaya. Ɗansa bai gama rabin karfata ba shi ya gama wuya. Hannun da ya shafe shekaru yana feɗe tsoka ta zama fallen kilishi ba tare da ya huda ba, wannan aiki wasa ne a wurinsa. A Italiya da an buga hotonsa a mujalla an rataya masa takardar shaida a shago. A nan 'ya'yan mahauta da sun yi boko ɓoye sana'ar gidansu suke, mu kuma masu ci ba mu taɓa tambayar wa ya yi yankan ba.

Wajen gishiri bai yarda da kintace ba. Ya fito da ɗan ma'aunin da ya zo da shi, giram 20 ga kowane kilo. Masoro ya tsaya a madadin baƙin barkonon da suke sawa a can. Sai abu na uku, wanda shi ne ke bambanta sosej ɗin Sisili da na sauran wurare: ƙwayar shammar. A can tsiro ne na jeji, yana fitowa a gefen hanya da kan tuddai, a tsinko a ƙarshen bazararsu a shanya. A nan sai a shagon masu magungunan Musulunci, inda mata ke sayensa tare da hulba don gyaran ciki. Ya ɗan soya shi sama-sama a busasshen kasko ya murtsuke a tafin hannu, ƙamshi ya cika tsakar gida. Shi ke nan, ba ƙari.

Ƙanwarsa ta iso da dunƙulen magi da citta da kanumfari da garin ƙuli, ta tsaya tana jiran a ce ta zuba. Ya ce ta mayar. Aka yi ta ja-in-ja, ita tana cewa wannan ai abincin marasa lafiya ne. Ina bayansa a wannan gardama. Yajinmu ba shi da na biyu, amma mun saba lulluɓe nama da shi har ba ma iya bambance ragon da ya ci harawa da wanda ya ci leda a bola, kuma wasu masu tukuba sun san da haka. Duk da haka gidan ba nasa ba ne shi kaɗai. Aka raba haɗin biyu, rabi aka bar shi yadda yake so, rabi aka zuba masa jan barkono da tafarnuwa irin na mutanen Tunisiya da Aljeriya, wanda suke kira margez.

Daga nan sai cuɗawa. Ya aiki yaro ya sayo ƙanƙara, ya ɗora kwanon naman a kai, domin in kitse ya fara narkewa a hannu aikin ya lalace. Gishiri na jawo wani danƙo daga cikin tsoka, shi ne ke haɗe gutsattsarin su zama abu ɗaya. Ya yi ta cuɗa har ya ɗebi dunƙule ya manna a tafinsa ya kife hannun, bai faɗo ba.

Ana cikin haka wani malami maƙwabcinsu ya shigo gaisuwar Sallah, dattijo mai karantar da littattafai a zaure. Bayan an gaisa ya leƙa kwano ya tambayi abin da ake yi. Da aka faɗa masa sai ya ɗan ja baya.

"Wannan ba shi ne abincin masu cin alade ba?"

"Allah gafarta malam, ragon layya ne, hanjinsa ne, gishiri ne da shammar. A hannun Musulmi na koya."

"A wace ƙasa ka ce?"

"Sisili. Larabawan can Siƙiliyya suke cewa."

Malam ya gyara zama. Ashe ya san wurin, ta hanyar da mu ba mu sani ba. Duk almajirin da ya kai Mukhtasar ya ci karo da malamai huɗu da Shaihu Khalil ya ambata a farkon littafin a matsayin waɗanda yake nuni da ra'ayoyinsu: Lakhmi da Ibn Yunus da Ibn Rushd da Mazari. Biyu daga ciki da wannan tsibiri ake danganta su. Ibn Yunus da Siƙilli ake masa laƙabi, Mazari kuwa nasabarsa ga garin Mazara take, a gaɓar kudu maso yammacin tsibirin. A wannan Mazara ce rundunar Musulmi ta sauka a shekarar 827, kuma wanda ya ja ta ba wani barde ba ne, alƙalin Ƙairawan ne, Asad bin Furat, wanda ya yi karatu a gaban Imamu Malik a Madina, wanda kuma daga littafinsa ne Mudawwana ta Sahnun ta samo tushe. Ya rasu a 828 yana kewaye da birnin Siracusa. Palermo ta shiga hannun Musulmi a 831, ta zama babban birnin tsibirin, ba ta fita ba sai 1072 da Normawa suka karɓe ta. Tsakanin Tunisiya da Sisili ruwan bai fi kilomita 150 ba. Shi kansa cusa nama a hanji ba baƙo ba ne a ƙasashen Musulmi: littattafan girki na Andalus na ƙarni na 13 sun kawo yadda ake yin sa da naman rago, kuma har yau ana cusa hanji da shinkafa da nama a Masar da Libiya.

Na kalli su biyun, ɗaya ya san tsibirin daga gefen shafi, ɗaya ya san shi daga bayan kanta da sanyin asuba, kowa na tambayar ɗan'uwansa da mamaki. Malam ya so ya ji ko akwai sauran masallatai. Yaron ya ce akwai, amma na baƙi ne irinsa, 'yan Tunisiya da Bangaladash da Senigal da Gambiya. Malam ya yi shiru, sannan ya ce to a ajiye masa nasa, mara yajin.

Ba injin ɗura a gidan. Wuyan robar ruwa ya yanke ya mayar mazurari, ya tattara hanjin a bakinsa, ya ƙulle ƙarshen da zare. Ni aka ba riƙon hanji, shi yana tura nama da babban yatsa. Aikin mai riƙo shi ne ya saki kaɗan-kaɗan: in ya riƙe da ƙarfi hanjin ya cika ya fashe, in ya sake da yawa iska ta shige. Ana so ya cika amma in ka latsa ya ɗan lotsa, don kada ya fashe a wuta. Duk inda iska ta maƙale sai ya soka allura. Yaran gidan suka kewaye mu, ana kora suna dawowa. Kowane yanki ya cika sai ya naɗe shi kamar gammo, ya soke da tsinken tsire biyu a gicciye don kada ya warware, wanda haka ake sayar da siririn a Palermo. Ya rufe su da tsumma mai tsabta a kan sauran ƙanƙarar ya ce su huta, gishiri ya ratsa.

Bayan la'asar aka hura gawayi. Ya jira har harshen wuta ya mutu, toka ta rufe garwashi, sannan ya ɗora raga. Ya hana kowa tsokana da cokali mai yatsu. Juyi ɗaya ya yi musu. Da aka sauke aka yanka, fatar ta yi ƙas, ruwan naman ya biyo wuƙa, kana ganin kowane gutsure daban, ja da fari. Na ci mara yajin da zafinsa. Ɗanɗanon rago ne tsantsa, tozon ya narke a ciki, shammar na biyo baya da ɗan zaƙi-zaƙi, kuma akwai abin taunawa, ba irin na kanti ba da ke narkewa a baki ba ka san me ka ci ba. Yara suka far wa mai barkonon. Inna ta ce ba laifi, da dai an sa yaji. Baba ya tauna a hankali ya haɗiye.

"Nama ya yi," ya ce. "Amma ba ya kwana."

Wannan magana ita ce amsar tambayar da nake ta juyawa tun safe. Muna da rago, muna da hanji, muna da wuƙa da hannun da ya iya ta, muna da kayan ƙamshi har sun yi yawa. Me ya hana kakanninmu cusa nama a hanji? Ba rashin dabara ba ne. A Sisili da sauran ƙasashen Turai, a tsakiyar sanyi ake yanka dabbar shekara. Wanda ba a gasa nan take ba sai a rataye shi a ɗaki mai sanyi da iska, ya yi makonni yana bushewa a hankali, gishiri na tsare shi, har ya kai wata da watanni. Hanji a wurinsu rumbu ne, kuma sanyi ne mai gadinsa. Ɗauko wannan ka rataye a Keffi da damina, zafi na neman digiri 30, iska jiƙe da ruwa, ka ga abin da zai faru kafin gari ya waye. Cikin hanji ba iska, kuma akwai ƙwayar cutar da ba ta son komai kamar nama mai ɗumi a inda ba iska. Ko a ƙasar sanyin ma ta yi kisa: wajen 1820 wani likita Bajamushe, Justinus Kerner, ya rubuta bayanin mutanen da gubar sosej ta shanye wa jiki a kudancin Jamus.

Mu rana muke da ita, da busasshiyar iskar hunturu, don haka muka bi kishiyar hanya. Su tattara nama suke su rufe, mu buɗe shi muke. A feɗe tsoka ta zama falle, a shanya a kan karan dawa, rana ta ratsa ko'ina cikin yini guda, a tsoma a labu na tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, a nuna wa wuta. Shi ya sa kilishi ya fi auki a inda iska ta fi bushewa, irin su Agadasawa a Kano da garuruwan Nijar. Keffi kuwa tana bakin iyaka. Ruwa na fara sauka tun Afrilu ba ya ɗaukewa sai Oktoba, mai kilishi a nan rabin shekararsa kallon sama yake. Ga shi Babbar Sallah ba ta zama wuri ɗaya, kowace shekara tana matsowa da kwana 11, sai ta zagaye damina da rani cikin shekara 33. Matar da ta daɗe a gidan miji ta ga Sallar hunturu, lokacin da ake yanyana nama a rataye a igiya ya bushe da kansa, ta kuma ga Sallar damina, lokacin da ba abin da ke ceton nama sai tukunyar suya: a soya har ruwan jikinsa ya ƙone ƙurmus, a ajiye cikin mansa, wani a daka a yi dambu.

Baba yana da hujja ta biyu, ta ɗan kasuwa. Ya ce lokacin da aka ɓata wajen wankin hanjin nan kaɗai, mai tsire ya yanka, ya soke, ya gasa, ya sayar da rabi. Sannan mutuminmu ba ya sayen nama a rufe. Yana so ya tsaya gaban tukuba ya nuna da yatsa, a yanko masa ɗanɗano, ya ga tsoka ya ga kitse ya ga hanta. Ka miƙa masa abu a ƙunshe cikin hanji, tambayar farko ita ce me aka zuba a ciki. Ɗan nasa bai musa ba. Ya gwada kafa teburi da ya dawo, bai karɓu ba, yanzu tsire da balangu yake yi da yamma kamar kowa. Sosej sai in wasu gidaje a Abuja masu firiji da janareta sun yi waya, ya tashi da asuba ya yi, ya zuba a kula da ƙanƙara ya kai musu kafin rana ta take.

Da magariba an ci an ƙoshi, an kai wa Malam nasa, saura naɗi huɗu ɗanye a cikin kwano. Ƙanƙara ta zama ruwa, wuta kuwa tun jiya ba a kawo ba. Inna ba ta yi shawara da kowa ba. Ta zare tsinkayen, ta daddatse su guntu-guntu, ta juye cikin tukunyar suya tare da naman ragon farko. Suka soyu suka ƙanƙance suka yi duhu, ta kwashe ta barbaɗe da yajin ƙuli mai yawa. Ɗan Italiya na tsaye yana kallo, hannu a ƙugu.

"Inna, wannan kuma ai ya tashi daga na Sisili."

"To na Keffi ne. Miƙo kwanon baƙo in zuba masa na hanya."